"Ai ta sani" ba godiya ba ce

Salam 'yan uwa. Jiya da dare muna shan ataya a majalisarmu ta Aboabo nan Kumasi, tun tafasar farko har ta uku ba abin da kunnena ya ji sai ƙorafi, kaya sun yi tsada a kasuwar Kejetia, kuɗin trotro ya hau, wane ya turo hoto daga Jamus mu kuwa muna nan muna gadin Zango. Ban ce ƙarya suke ba. Amma yaron da ya fi kowa kuka, wayar da yake latsawa ɗin nan yayarsa ce ta saya masa da kuɗin waakye, ita da take tashi tun kafin asuba ta hura wuta. Na ce masa ƙanena, ka taɓa ce mata na gode? Wai "ai ta sani".

To wannan "ai ta sani" ɗin ita ke cin mu wallahi. Mun iya alhamdulillahi, har a status muna sawa, amma mu buɗe baki mu gode wa mutum sai ka ce haƙori za a cire mana. Alhali Manzon Allah (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, yana nan a Tirmizi. Suratu Ibrahim aya ta 7 kuwa ko ɗan makarantar allo ya ji ta, in kun gode zan ƙara muku.

Ni a ganina ƙarin nan ba sidi kaɗai ba ne, har da sanyin zuciya. Turawa ma sun auna. A 2003 wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Emmons da McCullough, suka sa ɗalibai rubuta abu 5 da suke godiya a kai duk mako har mako 10, wasu kuma aka ce su rubuta abin da ya ɓata musu rai. 'Yan godiyar nan sun fi jin daɗin rayuwarsu, kukan ciwon jiki ma ya ragu musu. A 2005 wani malamin jami'ar a Amurka, Seligman, ya sa mutane su rubuta wasiƙar godiya su kai da ƙafarsu ga wanda ba su taɓa gode masa yadda ya kamata ba, farin cikinsu ya ɗaga har wata guda. Ka ji fa, mai godiyar ne ya ci riba! Dalilin a fili yake, zuciya abin da ka saba ƙirgawa shi take nemo maka, in rashi kake ƙirgawa kullum ba za ka rasa ba.

Kakanninmu ba su jira bincike ba, su suka ce yaba kyauta tukuici, kuma bayan biki sai an bi gida gida ban gajiya. Maƙwabciyarmu 'yar Asante in ka yi mata abu yau, gobe da sassafe sai ta dawo da medaase ɗinta, wato na gode a yarensu.

Kar ku ce wa'azi nake daga sama, nima butulun ne. Maigidan da ya koya min ɗinki a Asawase sai da na shekara 6 ban leƙa shi ba. Ranar Juma'a na sayi goro na je, na ce Baba godiya na zo yi, abincin da nake ci daga hannunka ya fito. Tsohon ya yi shiru can, sai ya ce har yanzu kana karya allura? Dariya na yi ta yi ni kaɗai a hanya har gida.