Kafin mu ɗora wa uwargida laifin taliya

Magidanta 'yan uwana, yau da ku nake. Kwanakin nan duk fadar da ka zauna a Tawa, kafin a kai shayi na biyu za ka ji an shiga zancen abinci. Wai matan yanzu ba su san turmi ba, ba su san muciya ba, sai taliya da magi da tumatirin gwangwani, shi ya sa hawan jini da ciwon suga suka cika gari. Rabin maganar na yarda da shi. Abin da yaranmu ke ci ya sauya, kuma ba sauyin alheri ba ne. Inda ake tattara laifin gaba ɗaya a aza wa mace, nan muka raba hanya.

Wanda ke shakkar cewa cimarmu ta sauya, ya je ya tsaya ƙofar lakwal da safe. Yaro ya fito gida da dala ashirin a tafin hannu, cikinsa ba komai. Ga mai tebur da biskit da alawa da garin lemu da aka dama aka ƙulla a leda, ja wur, wanda in yaro ya tsotsa sai harshensa ya rine har la'asar. Wanda ubansa ke da ɗan hali buredi ne da mayonez. Can gefe ga wata tsohuwa da bokitin kunu da ƙosai, tana korar ƙuda da mafici, yaran na wuce ta. Da rana a dawo gida a tarar da taliya da mai. Da dare farar shinkafa. Wuni cur yaron bai ga ganye ba, bai ga wake ba, nono kuwa sai madarar gari cikin shayi. Ita ma madarar, mai rahusar nan ta awo, yawancinta an yaɗe man shanun tun a Turai an maye gurbinsa da man kwakwar manja kafin a auno mana.

Abin takaicin shi ne inda wannan ke faruwa. Adar ce fa. Albasar Galmi har Abijan da Akara ake neman ta da sunanta. Fadamun Maggiya da na Keita suna fidda tumatir har ya rasa mai saye, a yanka a shanya ya zama kauɗa. Tafkin Tabalak na ba da kifi, cuku na saukowa daga wajen Abalak. A duniya kaf, bayan Najeriya babu ƙasar da ta kai Nijar noman wake, a hatsi ma muna sahun gaba. Sai manomi ya kai tiyar wake kasuwa, ya sayar, ya sayo ledar taliya da ɗan gwangwanin tumatir da ya ƙetaro teku, ya ɗaura a bayan babur yana jin yau gidansa an ci gaba.

Ba zancen tsoratarwa nake yi ba, lissafi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a wuni, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duk abin da ya ci daga safe zuwa dare. Dunƙulen magi kuwa wajen rabinsa gishiri ne. A jefa huɗu ko biyar a tukunya, a ƙara farin magi, a ƙara gishirin kansa, sannan a kawo yaji wanda shi ma da magi aka daka shi. Gwangwanin lemu ɗaya na santilita 33 yana ɗauke da suga wajen giram 35, kwatankwacin ƙwaya bakwai na sugan kwali. Babu uwar da za ta jefa wa ɗanta ƙwaya bakwai a kofi tana kallo, amma in a cikin kwalba ya zo, da murna ake miƙa masa ranar suna.

A shekarar 2019 masu bincike na cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka sun ajiye mutum 20 na tsawon mako huɗu. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta zalla, mako biyu abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sai, a matsakaici, mutum ya riƙa cin ƙarin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 500 a wuni ba tare da ya yi niyya ba, nauyinsa ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. Da aka koma ɗaya abincin sai nauyin ya sauka. Irin wannan cima taushi gare ta, tana wucewa maƙogwaro kafin ciki ya ce ya isa. Wanda ya sha fura mai kauri da hantsi ya tafi gona ya san wannan ba sai an auna masa ba: har azahar bai waiwayi abinci. Wanda ya karya da buredi da shayi kuwa, ƙarfe goma cikinsa ya fara kuka.

Kada wani ya ce na ce duk abin da ya fito daga masana'anta guba ne. Gishiri mai sinadarin aidin daga can yake, shi ke tsare mu daga maƙoƙo. Man girki da ake ƙara wa bitamin A yana da amfaninsa. Abincin gyaɗar nan na leda da ake ba yara masu tamowa a gidan likita ya ceci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu. Mu kanmu tun kaka da kakanni muna sarrafa abinci don ya daɗe: daddawa, kilishi, cuku, gabu, kauɗa, ƙuli-ƙuli, garin kuka. Bambancin shi ne in ka riƙe ƙuli-ƙuli ka san gyaɗa ce. In ka juya bayan ledar biskit ka karanta, sai ka kai layi na huɗu ba ka gamu da abin da ka taɓa gani a gona ba.

To, in abin haka yake, me ya sa tukunyar tuwo ke ja da baya? Nan ne maza ba su son a tsaya.

Wanda bai taɓa zama ya kalli yadda damin hatsi ke zama tuwo ba, ya yi shiru tukuna. A sussuka, a sheƙe, a yayyafa ruwa a surfa, a bakace dusa, a wanke, a baza ya sha iska, a kai niƙa a bi layi, a dawo a tankaɗe. Duk wannan ba a hura wuta ba. Sai a ɗora ruwa, a yi talge, a jira ya nuna, a zuba gari a tuƙa da muciya, hayaƙi na shiga ido, goyo na kuka a baya. Miya kuma tana nan tana jiran nata dakan. Fura ma haka: a daka, a cura, a dafa, a kirɓa, a sake curawa. A gidan da muka taso mata nawa ne ke wannan aikin? Ga inna, ga abokiyar zamanta, ga matan baffanni, ga 'yan mata uku ko huɗu. Taɓarya uku a turmi ɗaya, ana yi ana tafi ana waƙa. Yau mace ɗaya ce a gidan haya mai ɗaki biyu. Wataƙila malamar lakwal ce ko ma'aikaciyar gidan likita, ko tana da ɗan teburinta a kasuwa. 'Yan matan da za su kama mata suna aji, kuma mu muka ce su je, haka ne ma daidai. Ta dawo ƙarfe ɗaya saura, yara na tafe da yunwa. Taliya minti goma sha biyar ta nuna da itace uku. Wake in ba a jiƙa ba sai ya cinye rabin itacen gidan. Wace mai hankali ce ba za ta ɗora taliya ba?

Sai kuɗin cefane. Maigida ya ajiye jaka ɗaya a kan tabarma don baki takwas, ya fita. Cikin jakar nan ake son itace, da mai, da kayan miya, da niƙa, har da sabulu wani lokaci. Da dare ya ɗanɗana miya ya ce ba ta yi daɗi ba. Na taɓa yi wa gwaggona ƙorafin yadda magi ya kori daddawa daga gidaje, sai ta ajiye carbinta ta dube ni. Ta ce, "Ɗana, ba magi ya kori daddawa ba. Da can miyarmu da nama, da man shanu, da busasshen kifi. Da aka daina kawo su, me kake so yarinya ta sa ku ci ku yi shiru?" Ita dai matar dunƙulen dala biyar ne ya rufa mata asiri. Shi kuma mai ƙorafin, bayan sallar isha'i za ka gan shi wajen mai tukuba, an yanka masa tsiren jaka ɗaya da albasa, shi kaɗai, a tsaye. Daidai abin da ya bar wa gidan gaba ɗaya da safe.

Akwai kuma kunya, wadda ita ce ta fi ba ni haushi. Mun mai da hatsi abincin ƙauye. Baƙo ya zo daga Yamai, ba a yi masa tuwon hatsi da miyar kuka, sai a ci bashin shinkafa da lemun kwalba don a fita kunya. Ranar biki duk gidan da ya fito da dambun zogala sai an yi da shi. Yara suna gani, suna ji, sun san abin da ake ba mutum mai daraja. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar hatsi da danginsa, saboda yana jure fari kuma ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe da ke gina jini. A wannan shekarar dai, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe mana iyakoki, kowa ya ga yadda kuɗin buhun shinkafa ya tashi. Ranar mun ga abin da ake nufi da jingina cikin iyali a kan abin da sai ya biyo ta tashar Kwatano.

Kuma don abinci ya fito daga tukunyar gida ba shi ke nan ya zama lafiyayye ba. Akwai gidajen da miya ke iyo cikin mai. Akwai masu zuba suga a fura har ɗanɗanon nono ya ɓace. Mu 'yan fada da ke wa mata wa'azi, a auna sugan da ke shiga butarmu daga shayi na fari zuwa na uku, sau biyu ko uku a wuni, sannan a zo a yi maganar ciwon suga. Malmalar tuwo kamar tudu da miya cokali biyu ita ma ba cikakkiyar cima ba ce ga yaro mai tasowa. Yana son wake, yana son ganye, yana son ƙwai ko ɗan kifi ko nono a kai a kai, ba sai ranar salla ba.

Abin da na gani a gidajen da har yanzu ake cin abinci na kirki ba tare da an kashe mace da aiki ba, kusan iri ɗaya ne, kuma yawancinsa a hannun maigida yake. Ana surfe da niƙa na mako guda a tashi ɗaya, a shanya garin ya bushe sarai a rufe a bokiti, kuma wanda ke da babur shi ke kai niƙan, ba a tura yarinya da kwano a ka cikin rana ba. An sayi tukunyar gas ko da ƙaramar nan ce mai kilo 6, tun da a ƙasar nan ake samar da gas ɗin, a matatar Damagaram da aka buɗe a 2011. Ana jiƙa wake tun dare. Yaran maza ma suna yankan albasa da tsince zogala, ba abin da ya ragu a jikinsu. Ƙungiyoyin mata da ke sayar da surfaffen hatsi da garin kunu da busasshiyar fura a leda sun yawaita, a Yamai da nan Tawa. Sayen nasu ba ragwanci ba ne, hatsinmu ne dai aka rage wa wahala, kuɗin kuma bai bar gari ba. Magi ba sai an yi rantsuwa an bar shi rana ɗaya ba. A rage ɗaya, a ƙara daddawa da gabu da ɗan busasshen kifi, bayan 'yan makonni a sake rage ɗaya. Harshe na sabawa da ƙarancin gishiri yadda ya saba da yawansa.

Karin kumallo shi ne na fi so a fara da shi. Dala ashirin ɗin da ake damƙa wa yara huɗu kullum, in aka haɗa ta mako guda, ta isa a dama kunun hatsi da gyaɗa kowace safiya, a sayo ƙosai wajen tsohuwar nan. Yaron da ya fita da cikinsa cike ba ya tsayawa gaban tebur da irin wancan idon.

Sauran kuma sayayyar kaka ce. Hatsi da wake sun fi araha daga Oktoba zuwa Disamba, kafin su fara hawa har su kai ƙololuwa a tsakiyar damina. Abin da ke hana mutane ajiye wake shi ne ƙwari, shi ya sa wasu ke zuba masa maganin da bai kamata ya kusanci abinci ba. Akwai buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, ana samun sa wajen masu sayar da kayan noma. A tabbatar waken ya bushe, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da ɓera. Ƙwarin na mutuwa don rashin iska, ba a sa ko ɗigon magani ba. In za a riƙa ɗiba, a kwashi na wata guda a lokaci ɗaya a sake ɗaurewa da kyau, don yawan buɗewa shi ke mai da musu numfashi.