Sarauniyar zuma ba ta ba da umarni

A wani taron manoman auduga a Garwa, arewacin Kamaru, na ji wani dattijo yana cewa da za mu zauna kamar ƙudan zuma, kowa ya kama aikinsa ya bi shugaba ba ja-in-ja, da ƙasa ta gyaru. Maganarsa abar girmamawa ce, domin Alƙur'ani kansa yana da Suratun Nahli, ta ƙudan zuma, da Suratun Namli, ta tururuwa. Sai dai ina ganin an ɗauki darasin a baibai.

Wadda muke kira sarauniya ba mulki take yi ba. Aikinta saka ƙwai, wajen 1,500 a rana idan furanni sun wadata. Masu ɗora amya a dazukan Ngaundal sun saba ganin taron zuma ya tashi ya dunƙule a reshen bishiya. A wannan zaman, 'yan kaɗan ne ke bazuwa neman gida, wadda ta ga kogo mai kyau ta dawo ta yi rawar da ke nuna nisansa da inda ya fuskanta, irin rawar da masanin dabbobi Karl von Frisch ya gano ma'anarta kafin ya samu kyautar Nobel a 1973. Sauran ba sa mara mata baya sai sun je sun gani da kansu, wadda kuma kogonta bai kai ba tana daina rawa a hankali. Ba biyayya ba ce wannan, shawara ce tsantsa.

Akwai kuma inda kwaikwayon dole ya tsaya. Ma'aikatan amya uwarsu ɗaya, ba su da iyali, suna mutuwa cikin kamar mako shida a lokacin aiki, kuma idan abinci ya yi ƙaranci korar mazan suke yi su mutu a waje. Mu kuwa a kasuwar Marwa akwai Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da Musgum, kowa da bakunan da yake ciyarwa, kuma ba za mu kori tsoho don ya ajiye fartanya ba.

Abin da nake so mu ara shi ne sauraron wanda ya gani da ido. Ambaliyar 2024 ta cinye gidaje da gonaki a Yagwa da sauran garuruwan bakin kogin Logon. Masunci ne ke fara ganin ruwa ya haura alama, manomin shinkafa ne ke fara ganin tsaga a jikin madatsa, amma ni dai a tarukan da nake zuwa, can baya ake ba su kujera, kuma sau da yawa ana shafa fatiha ba a tambaye su ba.