Canza amsa a jarrabawar zaɓi ba laifi ba ne

Ɗalibai da yawa suna shiga ɗakin jarrabawar WAEC ko NECO da wata magana da aka cusa musu tun a aji: wai duk amsar da ta fara zuwa maka a rai ita ce daidai, kada ka kuskura ka canza. Wannan magana tana jawo wa yara asarar maki, kuma abin yana damuna.

Masu binciken harkar jarrabawa sun daɗe suna duba takardun da ɗalibai suka goge amsa suka canza, kuma abin da suka sha gani shi ne canji daga kuskure zuwa daidai ya fi akasinsa yawa. Abin da ke ruɗarmu shi ne zafin tuna amsar daidai da muka goge da hannunmu. Wadda muka gyara ta ba mu maki kuwa, ba ma tunawa da ita.

Sharaɗin dai a samu dalili. Idan ka sake karanta tambaya ka ga ka tsallake wata kalma mai kore magana, ko tambaya ta 30 ta tuna maka abin da ka manta a ta 12, to canza. Idan fargaba ce kawai, bar ta.

Sai kuma gugar kanta, domin na'ura ce ke karanta takardar, duhun fensir take gani. In ka goge sama-sama ka bar inuwa a B sannan ka cike D, tana iya ɗauka amsa biyu ka zaɓa, makin ya tafi. Yi amfani da irin fensirin da aka umarta, kada ka danna har ya huda takarda, ka tanadi magogi mai tsabta wanda ba ya barin baƙi.