Turawa Sun Rubuta Sunayen Gwanayensu, Mu Mun Bar Namu a Baka

A nan Italiya inda nake zaune, ana koyar da tarihin zane da sassaƙa a makarantun sakandare, kuma ana jero shi ne kamar salsalar sarakuna. Ana farawa da Girkawa da ɗakin bautar Parthenon da aka soma ginawa a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa, a bi ta Rumawa da zanen majami'u, a zo kan Giotto, sannan Michelangelo wanda ya zana rufin majami'ar Sistine tsakanin 1508 da 1512, har a gangaro kan Picasso. Ra'ayina shi ne, wannan doguwar salsala ta samu ne saboda rubutu da adanawa, domin baiwa kam Allah bai keɓe wa wata al'umma ita ba.

A 1550 wani mai zane, Giorgio Vasari, ya wallafa tarihin rayuwar masu zane da magina na Italiya, yana faɗin wanda ya koyar da kowane, da wanda ya ba shi aiki, da inda aikin yake. Ya yi son kai ƙwarai, domin ya fifita mutanen Filorens a kan sauran, kuma masana sun gano kurakurai da yawa a cikin labaransa. Duk da haka, shi ya aza harsashin da Turawa suka ɗora tarihin fasaharsu a kai.

Idan na tsaya ƙarƙashin ƙubbar da Brunelleschi ya gina a kan babbar majami'ar Filorens daga 1420 zuwa 1436, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne yake faɗo mini a rai, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Da ƙasa da azara ya ɗaure bakan gizon da ya ɗauki rufin, kuma duk wanda ya san gini ya san irin lissafin da wannan aiki yake buƙata. Brunelleschi yana da takardun kwangila da bayanan albashi da ake karantawa har yau, alhali yawancin abin da aka sani game da Babban Gwani daga bakin zuriyarsa da magina aka ji shi. Shi ma ya yi sa'a da sunansa ya tsira. Su waye suka yi zanen dagi a fuskokin zaurukan Kano da unguwar Birni ta Damagaram? Su waye suka yi zayyanar Alƙur'anan da ke gidajen malamanmu?

Na yarda akwai bambancin da ba laifin kowa ba ne. Dutsen marmara yana jure ƙarnoni, ginin ƙasa kuwa sai da yaɓe bayan damina, kuma malamanmu da dama sun ɓoye sunayensu ne saboda tsoron riya. Amma al'ummar da ta rubuta tarihin sarakunan Kano, ta adana waƙoƙin Nana Asma'u da sunanta, ba ta da uzurin barin maginanta a duhu.

Har yanzu akwai tsofaffin magina a Zariya da Kano da Agadas da suka san wanda ya koyar da iyayensu da gidajen da suka gina. Ya kamata sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello da gidan tarihi na Gidan Makama su tura ɗalibai su ɗauki bayanansu da hotunan ayyukansu, a rubuta da Hausa, tun kafin siminti ya gama cinye tsofaffin unguwanni.