Laifin ba na ruwan sama kaɗai ba ne

Wani rahoto ya ɗora laifin zarcewar jiragen sama daga titin sauka kan ruwan sama kawai, ni kam ban gamsu ba. Lokacin da wani jirgi ya yi haɗari a Kozhikode ta Indiya a 2020 ana ruwa, gaskiya ne, amma iska na tura jirgin ta baya, sai da ya cinye rabin titin kafin tayoyinsa su taɓa ƙasa. Mataimakin matuƙi ya ce a sake tashi, kyaftin ya yi kunnen ƙashi. Jirgin ya gangara kwari ya kakkarye, mutum 21 suka rasu. Masu cewa ƙaddara ce, mun yarda, amma me ya hana a shimfiɗa siminti mai rugurgujewa a ƙarshen titi, wanda tayoyi ke nutsewa ciki jirgi ya tsaya?