Keken Ummi da kilo bakwai na kayan miya

Duk wanda ya ce keken jariri kyauta ake ɗauka a jirgi bai yi ƙarya ba, amma don Allah kar a riƙa faɗin irin wannan a gaban maigidana, shi da ya ji an ce kyauta sai kansa ya fara lissafi.

Legas za mu, yayata ce ta haihu a Agege. Hajiya ta haɗo mana tsaraba, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, kilishi, duk da na ce mata Agegen nan cike take da Hausawa har sarkinsu gare su, ta ce ai na can ba ya ƙamshi. To. Muka taso daga Kubwa da sassafe, muka bi ta Lugbe har filin jirgin Nnamdi Azikiwe, Ummi na cikin kekenta tana ta harba ƙafa, keken da Abbanta ya ce abokinsa ne ya taho masa da shi daga Dubai, ko taɓa shi yaran maƙwabta suka yi sai ya yi magana.

A kantar awon kaya aka ɗora akwatunanmu a sikeli, kilo 47. Tikitinmu kilo 20 ne kowa, Ummi kuwa tunda ba ta kai shekara 2 ba a cinya za ta zauna, ba ta da kujera. Yarinyar da ke kantar ta ce Oga akwai kuɗin ƙarin kilo 7. Ya tambayi nawa ne kilo ɗaya, ta faɗa, ya yi shiru, can ya ce keken fa? Ta ce shi babu kuɗi, za ta ɗaura masa lamba, mu tura abinmu har gindin jirgi a can za a karɓa a saka a ƙasa wajen kaya. Ina ganin yadda idonsa ya yi na san an gama.

Ya ja ni gefe ya buɗe akwati a gaban jama'a, ya dinga zaro ledoji yana cusawa a ragar nan ta ƙarƙashin keke inda nake ajiye famfas, da ta cika ya koma aljihun baya, ledar kuka kuma ya tura ta bayan Ummi ya rufa da bargo. Na ce Abban Ummi mutane fa na kallo. Ya ce su kalla, su za su biya? Aka sake awo, 40 cif. Ya dube ni yana murmushi wai ilimi kogi ne.

Wajen bincike na ɗauka a nan asirinmu zai tonu. Aka ce a ciro yarinya, keken kuma ya ƙi shiga injin saboda faɗi, sai wani ma'aikaci ya duba da hannu. Yana sunkuyawa daddawa ta gaishe shi, ya ɗago da sauri ya ce Madam yarinyar nan a canza mata famfas. Na ce to. Me zan ce?

Abin da yarinyar kanta ba ta faɗa mana ba, ko ta faɗa kunnen Oga ya tsaya a kan kyauta, shi ne ba a karɓar keke a buɗe. Bas ta sauke mu a gindin jirgi, rana ta fito, iska na kaɗawa, ga layi a bayanmu, wani mai rigar lemo ya ce Oga naɗe shi, kuma a cire komai na ciki. Shi kuwa keken nan ko babu komai a cikinsa sai an danna nan an ja can an haɗa da addu'a yake naɗuwa. Abban Ummi ya yi kamar bai ji zancen cirewa ba, ya danna maɓalli ya sa gwiwa ya taushe. Sai ji muka yi fus! ledar kuka ta fashe. Jama'a, kore ya tashi. Wani bawan Allah da farar shadda a bayanmu ya koma kalar miya tun daga hula, yaji ya biyo baya, layi gaba ɗaya ya kama atishawa har mai rigar lemon, Ummi kuwa dariya take ƙyalƙyalawa tana tafi. Wata dattijuwa ta taya ni tsince ƙullin daddawa a kwalta, tana miƙo min tana cewa 'yar nan ta ina ce, mai kyau ce wallahi.

Haka na ciro zani a jaka na goya Ummi, hannu biyu ledoji, na hau matakala. Ma'aikaciyar jirgi ta kawo min ɗan bel ɗin jarirai da ake zurawa a na uwa, ta kalli ledojin ta kalle ni ba ta ce komai ba, na gode mata da wannan. Mai shadda ashe kujerarsa na kusa da ta Oga, awa guda da 'yan mintuna ba wanda ya ce wa wani uffan.

A Legas muka tsaya bakin matakala jiran keke aka ce a'a mu je ciki wajen kaya. Akwatuna suka fito, kowa ya watse, can sai ga shi ya taho shi kaɗai a kan bel, ƙafa uku. Oga ya hau sama, wai sai an biya shi, muka je teburin ƙorafi aka ba shi fom. Matar ta ce ya rubuta kuɗin keken da inda aka saya, in da rasit ya kawo. Ya riƙe biro ya tsaya. Na ce rubuta Dubai mana, ka kira abokin naka ya turo rasit ɗin ta WhatsApp. Ya matso kusa da kunnena ya ce Maman Ummi rage murya, 'yan gwanjon kasuwar Karmo ba sa ba da rasit.