Lagireto ɗaya tak, yaron da na haifi sa'ansa ya wanke ni tas

Wallahi jiya na ga wulaƙanci ganin idona, kuma da kuɗina na saya. Motata Marsandi ce 190 mai shan gas, ƙirar 1989, shekara 11 muna tare, duk wanda ya san injin nan ya san ba ya mutuwa sai dai in zafi ya cinye masa gasket. To lagireton ya daɗe yana yoyo, mun liƙe da aradayit, mun fasa ƙwai mun zuba, kullum jarka biyu ta ruwa a but sai ka ce ɗan garuwa. Ranar Litinin a gosulon Kawo wuyan da babban tiyo ke kamawa ya tsage gaba ɗaya, tururi ya turnuƙe, 'yan keke na ta danna min hon kamar da gangan na yi.

Mai walda ya duba ya ce Alhaji wannan roba ce da alminiyam, ba irin na tagullan da ba ne da ake toshewa da dalma, sai dai canji. Na nufi Panteka, kasuwar kayan gyaran mota ta nan Kaduna. Sau uku na faɗa wa yaron shagon, ta gas ce, giyar hannu, ya ce an gama, ya ɗauko ɗan Beljiyam ya karɓi dubu 85. Bakanikena ya gwada, bakin tiyon bai zo daidai ba, ga shi siriri, na mai shan fetur ne. Da ya toshe bakunan ya tsoma shi a ruwa ya hura iska, sai ga kumfa na tashi ta gefe biyu. Wato rubabbe ma aka ba ni.

Na koma da shi a kafaɗa cikin ranar nan. Na yi sallama, yaro na zaune kan benci yana latsa waya, ko ɗago kai bai yi ba. Na ce samari, kayan nan ba nawa ba ne, kuma yana yoyo. Ya ce "Baba, kaya in ya bar shago ai ya bari." Na ce to duba rasit. Ya karɓa da yatsa biyu kamar na miƙo masa tsumma, ya ce "nan 190 aka rubuta, ka ga inda aka sa gas?" Na ce kai ka rubuta ai! Sai ya yi 'yar dariya ya juya wajen abokinsa, wai "wannan motar ai ta girme ni, Baba ka kira 'yan gwangwan su auna ta a sikeli ka huta mana." Mana fa! Ashe damunsu nake. Na ce ina maigidanka, ya ce ya tafi Legas sauke kwantena, in dawo bayan sati biyu. Madalla da tarbiyya. Mutane sun fi goma a wurin, wanda ya buɗe baki ɗaya ne, shi ma cewa ya yi "a yi haƙuri Alhaji." Kullum mu ne masu haƙuri.

Kuma abin da ya fi ƙona min rai, a Kaduna fa muke. Garin da tun 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri, yau lagireto ma sai wanda Bature ya gama mora ya jefar muke rububi. Matatar mai tana nan tun 1980, mu da muke maƙwabtanta gas ɗin da muke sha daga wata uwa duniya ake jigilarsa, shekara da shekaru ana cewa ana gyara. A 2023 aka cire tallafi aka saki naira, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a 2024, shi ya sa kowane ɗan tireda bakinsa "dala ce Alhaji", har ruɓaɓɓen ƙarfen da ya shekara biyar a rumfa shi ma dala ce. Su manyan da ake canja wa jif duk zango ina za su san zafin allurar tamfareca in ta doshi ja a tsakiyar tireloli a baifas?

Motar na can ƙarƙashin mangwaro a gareji, bakanike ya kira sau biyu wai in zo in ɗauke ta tana tare masa wuri. Lagireton kuma ga shi jingine a zaure, yara sun fara shanya safa a kai.